Layin da Bai Bi ta Maiwurno Ba

Tsakanin tsibirin Morishus da ke tekun Indiya da birnin Landan akwai kilomita kusan 9,800 idan aka auna ta sama, jirgin fasinja kuma yakan cinye su cikin awa goma sha biyu ko kusa da haka. Duk mai waya a hannu zai iya samo wannan adadi kafin shayinsa ya huce, kuma adadin daidai yake. Yadda ake fitar da shi ma ba sihiri ba ne. Duniya a dunƙule take, kewayenta kilomita 40,000, saboda haka gajeriyar hanya tsakanin garuruwa biyu ta saɓa wa layin da mutum zai ja da rula a kan taswirar bango. A kifa ƙwarya, a danne bakin zare a wuri guda, a ja ɗaya bakin zuwa wani wurin har zaren ya ɗame. Inda ya kwanta a bayan ƙwaryar, nan ne gajeriyar hanya. Abin da masu lissafin jiragen sama ke yi ke nan, sai dai su da kwamfuta suke yi: su ɗauki matsayin kowane gari, arewa ko kudu da tsakiyar duniya, gabas ko yamma da layin Girinwich, sannan su auna kusurwar da ke tsakani. Ta Morishus da Landan digiri 88 ce, kowane digiri kuma kilomita 111 ne, shi ke nan adadi ya fito.

Inda zaren ya bi ne ya sa aka kawo wannan tsibiri a littafin da ke magana kan Hausawa. Daga Landan ya ratsa Italiya, ya tsallake Bahar Rum, ya gangara ta yammacin Masar, ya shiga Sudan, ya wuce daidai saitin Kasala, garin da Hausawa suka daɗe da kafa unguwanni, kafin ya faɗa Habasha da Somaliya ya fita teku. Akwai zare na biyu wanda ya fi shafarmu, wato Kano zuwa Jidda, kilomita 3,400 da ɗoriya, tafiyar awa huɗu da rabi zuwa biyar. Shi wannan ya bi ta arewa da Tafkin Chadi, ya haye duwatsun Ennedi, ya shiga hamada tsagwaronta, ya gitta na farkon a arewa kaɗan da Abu Hamad, inda kogin Nilu ya yi gwiwa. Bai taɓa Fashir ba, bai taɓa Ubayyid ba, Sinnar kuwa ya baro ta a kudu da tazarar kilomita 700. Amma a Sinnar ɗin, da Jazira, da gaɓar Shuɗin Nilu har Damazin, ƙauyuka ne reras da ake tashi da safe a ce "ina kwana," ana daka gero, ana gasa agashe da ƙuli da yaji, yara na wanke allo. Kakannin mutanen nan a kan hanyar Kano zuwa Jidda suka zo wurin. Wanda ya ɗauki layin sama a matsayin nisan da ke tsakanin garuruwan biyu ba shi da yadda zai bayyana abin da ya kawo su nan.

Abin da wannan babi ke son tabbatarwa shi ne, adadin da ake kira nisan tafiyar jirgi gaskiya ne, amma gaskiya ce mai sharaɗi, kuma ba a rubuta sharaɗin kusa da adadin. Sharaɗin shi ne a ƙaddara babu komai a tsakani: babu ƙishirwa, babu kan iyaka, babu hukumar da za a biya, babu yaƙi, babu guzurin da zai ƙare. Idan sharaɗin ya cika, adadin na aiki sarai. Idan ya karye, tsakiyar hanya ce ke yanke wa matafiyi tsawon tafiyarsa, kuma tarihin Hausawan Sudan ya nuna cewa ga yawancin mutane, a yawancin zamani, karyewar ta fi cikar yawa.

A fara da dalilin da ya sa hanyar ƙasa ta lanƙwasa kudu. Mai tafiya a ƙasa, da jaki, da iyali, da goyo, ruwa yake bi. Daga Sakkwato har Shuɗin Nilu akwai zirin ƙasa tsakanin digiri 12 da 14 arewa inda ruwan sama ke isar gero da dawa, inda ake samun gari bayan gari, kasuwa bayan kasuwa. Sakkwato da Maiwurno, garin Hausawa da ke kusa da Sinnar, duk a digiri 13 suke, ko da yake kilomita 3,000 ke tsakaninsu, don haka manomin Gobir ko Zamfara da ya sauka a Sinnar bai buƙaci wanda zai koya masa lokacin shuka ba. Daminar ita ce wadda ya sani, daga Yuni zuwa Satumba. Zango-zangon sanannu ne: Borno, Fort Lamy wadda yau ake kira Injamena, Abeshe, Adire, Junaina, Fashir, Nuhud, Ubayyid, Kosti, Sinnar, sannan Madani ko Gadarif, Kasala, Sawakin. A yammacin Kurdufan, inda rijiya ke wuya, kogon kuka ake cikawa da ruwan damina a adana don rani, matafiyi ya saya ko ya roƙa. A da can manyan ayari ta Sahara suke bi zuwa Alƙahira, kamar yadda Mansa Musa ya yi a 1324. Hanyar gabas ta bunƙasa ne bayan da Wadai da Darfur da daular Funj ta Sinnar, wadda ta rayu daga 1504 zuwa 1821, suka zama ƙasashen Musulunci masu karɓar baƙon Allah. Baturen Suwizalan, Burckhardt, da ya bi ayari daga Shandi zuwa Sawakin a 1814, ya tarar da Takari a hanyar, suna tafe suna neman abin da za su ci da aikin hannu da rubutun sha. Ba rashin sanin alƙibla ya sa suka kauce wa miƙaƙƙen layi ba. Miƙaƙƙen layin ne babu abin sha a kansa.

Babban ayarin da ya haifi Maiwurno kuwa ba aikin hajji kaɗai ya tayar da shi ba. Kano ta faɗi hannun Turawa a Fabrairun 1903, Sakkwato a Maris, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi gabas da dubban mutane da niyyar hijira, aka tare shi a Burmi, ƙasar Gwambe, ya yi shahada ranar 27 ga Yulin shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'ar suka ci gaba, suna tafe suna yada zango, ta ƙasashen da Faransa ba ta gama mallaka ba, ta Wadai da Darfur da ke da sarakunansu a lokacin. Sai a 1906 suka sauka a Shehu Talha, bakin Shuɗin Nilu, daga baya suka haye yammacin kogin suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa, kilomita kaɗan kudu da Sinnar, inda zuriyarsa ke riƙe da sarautar har yau. Shekara uku ke nan a kan tazarar da jirgin yau zai gama kafin a yi awa huɗu. Mutum zai iya cewa ai bambancin ƙafa da fiffike ke nan. Amma lissafin bai yarda ba. Mai tafiyar kilomita 20 a yini, wanda ba gudu ba ne ko ga ayari mai tsofaffi, zai gama kilomita 3,000 cikin wata biyar. Sauran shekara biyu da rabin a tsakiyar hanya suka tafi, wajen noma abin da za a ci, da jiran damina ta wuce, da neman iznin sarakuna, da binne waɗanda suka rasu.

Tafiyar Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ta 1921 ita ce ta fi kwance zancen kilomita. Da ya tashi zuwa Makka, gabas bai nufa ba. Ya bi jirgin ƙasa zuwa Legas, ya shiga jirgin ruwa zuwa Ingila, ya ga Landan, sannan ya gangaro ta Masar zuwa Jidda. Ruwan Legas zuwa Ingila kaɗai ya haura kilomita 7,000, tafiyar duka kuma ta fi ninki uku na layin Kano zuwa Jidda. Duk da haka ya je ya dawo cikin watanni, alhali talakawan Katsina da suka tashi shekara guda da shi ta gajeriyar hanya wasu ba su ga Ka'aba ba sai bayan shekaru, wasu ba su gan ta ba sam. Ga Sarki, Makka ta Landan ta fi kusa. Ga talaka, ma'aunin tafiya damina ne da kaka: damina nawa zan yi a Abeshe kafin in tara kuɗin Fashir, kaka nawa a Ubayyid kafin in iya biyan jirgin ƙasa. Shi ya sa ko da layin dogo ya iso Sinnar da Kosti wajen 1910, ya kai Ubayyid jim kaɗan bayan haka, tafiyar ba ta gajarta ga kowa da kowa ba. Ta gajarta ga mai kuɗin tikiti.

A nan ne Jazira ta shigo. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar, aka buɗe gonar audugar Jazira, wadda ta fara da fadan (ma'aunin fili) 300,000, wadda daga baya, da aka ƙara yankin Manaƙil, ta kai kimanin fadan miliyan biyu. Masana'antun saƙa na Lankasha na son auduga mai dogon zare, gonar kuma na son hannu. Hawasha, wato kason gonar da ake damƙa wa manomi, galibi 'yan ƙasa aka bai wa. Baƙi 'yan yamma su ne masu cire ciyawa, masu yashe magudanar ruwa suna tsaye a ciki har gwiwa, abin da ya sa tsargiya da zazzaɓin cizon sauro suka zama abokan zamansu. Su ne masu tsintar auduga daga sanyin Janairu har zafi ya shigo, namiji da mace da yara a layi guda, buhu ɗaure a ƙugu, kwanson auduga na yankar yatsu, da yamma a kai ma'auni a rubuta wa kowa nasa. Matsuguninsu kambo ne, bukkoki a gefen magudanar ruwa a kan ƙasar da ba tasu ba. Ga mai niyyar Makka wannan wuri ni'ima ne da tarko a haɗe. Akwai aikin da ake biya da tsabar kuɗi, abin da ba a samu a Darfur, amma kuɗin na shigowa ne daidai yadda zai riƙe gida, bai cika kaiwa yadda zai tsallakar da gida duka ba. Aka yi aure, aka haihu, aka aurar, kuɗin jirgin da a da na mutum biyu ne ya koma na mutum tara.

Gaɓar ƙarshe ita ce mafi gajarta a taswira, kuma sau da yawa ita ce mafi tsawo. Sawakin ɗan tsibiri ne kewayayye a ƙarshen wata siririyar mashigar ruwa a Bahar Maliya, gidajensa da dutsen murjani aka gina su, kuma ƙarnuka da dama shi ne ƙofar alhazan Afirka. Ko bayan da Turawa suka buɗe Fot Sudan a 1909, kilomita 60 a arewa, kasuwanci ya ƙaura, benayen murjani suka fara rushewa, alhazai sun ci gaba da bi ta nan. Daga Sawakin zuwa Jidda kilomita 320 ne ko sama kaɗan, ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na tafiyar daga Kano. Amma a nan ne hukuma ke zaune da hatiminta. A wancan zamani mutum na iya ratsa Chadi da Darfur babu takarda ko ɗaya, a bakin teku kuwa sai da fasfo, da shaidar rigakafi, da zaman killacewa, da kuɗin jirgi a dunƙule. Wanda bai cika ba ya koma neman aiki a gari, ko ya ba masu kwalekwale abin da ya tara su tsallakar da shi da dare, su sauke shi inda suka ga dama a gaɓar Hijaz. Har yau, da aka sake buɗe tashar Sawakin a 1991, jirgin ruwan fasinja kan kwashe kimanin awa goma sha biyu kafin ya kai Jidda, wato lokacin da jirgin sama ke ɗauka a kan tazarar da ta ninka wannan sau talatin.

Mai ja da wannan magana zai ce duk wannan labarin zamanin ƙafa da jaki ne. Jirgin sama ba ya shan ruwan kuka, ba ya tsintar auduga. Injiniya da adadin nan yake auna mai, da shi ake yanke kuɗin kujera, kuma in da adadin wasa ne da jirage sun riƙa faɗowa. Wannan ja yana da ƙarfi, kuma ba wanda ke musun lissafin. Sai dai tarihin jirgin kansa bai goyi bayan cewa ya zo ne ya share tsakiya ba. Jiragen farko da suka sauka Kano, guda uku na sojan saman Ingila, ranar 1 ga Nuwamban 1925, daga Masar suka taso, suka bi Nilu zuwa Khartum, sannan suka yi yamma ta Ubayyid da Fashir da Fort Lamy da Maiduguri. Da kamfanin Imperial Airways ya buɗe zirga-zirga tsakanin Khartum da Kano a 1936, zangonsa su ne Ubayyid, Fashir, Junaina, Abeshe, Fort Lamy, Maiduguri. A Yaƙin Duniya na Biyu dubban jiragen yaƙi da aka harhaɗa a Takoradi ta nan suka bi zuwa Masar. Wato shekara ashirin na farko jirgin sama sawun alhazai ya bi, zango da zango, saboda shi ma yana buƙatar mai da ruwa da mutanen da za su tare shi in ya lalace. Sai da injuna suka yi ƙarfin da za su tsallake hamada a tashi ɗaya sannan layin ya miƙe.

Ko bayan ya miƙe, sama ba ta zama fili marar mai shi ba. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta tabbatar wa kowace ƙasa cikakken iko da sararin da ke kanta, jirgin da zai ratsa kuma izini yake nema, kuɗi yake biya, yana kuma dogara da ma'aikatan da ke zaune a ƙasa suna yi masa jagora ta rediyo. Ranar 15 ga Afrilun 2023 yaƙi ya ɓarke a Khartum, filin jirgin sama na cikin wuraren da aka fara gwabzawa, aka rufe sararin Sudan. Makonni kaɗan suka rage a fara jigilar alhazan Najeriya, waɗanda kujerunsu 95,000 ne a shekarar. Kano ba ta gusa ba, Jidda ba ta gusa ba, kwamfuta na nan tana cewa 3,400, amma dole jirage su yi zagaye, tafiyar ta ƙaru, kamfanonin jigila suka nemi ƙarin dala 250 a kan kowace kujera, hukumar alhazai ta NAHCON ta shiga neman inda za a fitar da kuɗin. A watan Agusta kuma sojojin da suka karɓi mulki a Nijar suka rufe nasu sararin na kusan wata guda. Da yake yawancin kamfanonin Turai sun daɗe suna ƙaurace wa Libiya, sai aka wayi gari jirgin da zai gangara daga Turai zuwa kudancin Afirka ba shi da mashiga daga Nijar har Bahar Maliya. Hanyar lafiya a bi ta da shekara, in ji masu magana, kuma matuƙan jirage a wannan shekarar ba su da wata dabara da ta wuce ta.

Ja na biyu ya fi na farko nauyi, domin na zuciya ne. Za a ce marubuci na zaune a inuwa yana yi wa tsohuwar hanya ado, alhali hanya ce da ta ci rayuka, ta raba uwa da ɗa, wadda a da aka riƙa sace mutane a kanta ana sayarwa. Jirgi rahama ne. Tsohuwar da a da ba za ta ko yi mafarkin Arfa ba yau tana barin Kano da hantsi ta yi la'asar a Jidda. Wannan gaskiya ne ba tare da wani amma ba, kuma duk wanda ya yi fatan a koma tafiyar ƙafa bai san abin da yake faɗa ba. Tun ƙarshen shekarun 1940 attajiran Kano irin su Mahmud Ɗantata da Haruna Kasim suka shiga shirya jigilar alhazai, da motoci da farko, sannan da jiragen haya, kuma zuwa 1977 alhazan Najeriya sun haura 100,000 a shekara guda, adadin da hanyar ƙasa ba za ta taɓa ɗauka ba. Abin da ake cewa a nan shi ne rahamar ta zo da wani sakamako da ba a cika lissafawa ba. Muddin ayari na wucewa, ƙauyukan Sinnar da Jazira zango ne a kan babbar hanya: kowace shekara sabbin baƙi na sauka da labarin gida, da wasiƙa, da goro, da ɗan'uwan da za a aura wa 'ya, masu komowa kuma na ɗaukar saƙo zuwa Haɗeja ko Katagum. Da alhazai suka koma sama, kilomita 700 a arewa, kilomita goma sha ɗaya a bisa, ƙafa ta ɗauke. Jirgin da ya matso da Makka kusa da Kano shi ne ya nesanta Maiwurno da Kano.

Nesantar kuma ta zo daidai lokacin da ƙasashe ke samun 'yanci suna tantance wane ne nasu. Dokar zama ɗan ƙasa ta Sudan ta 1957 ta ce ɗan ƙasa na asali shi ne wanda shi ko kakanninsa ta wajen uba ke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamban 1897. Jama'ar Mai Wurno a 1906 suka iso, ma'aikatan Jazira bayan 1925. Daga baya an matso da shekarar zuwa 1924, sannan zuwa 1956, amma tabon ya riga ya zauna, kuma mutumin da aka haifi kakansa a bakin Shuɗin Nilu na iya jin ana ce masa baƙo. Rikicin jihar Shuɗin Nilu na 2022, wanda ya tashi a watan Yuli bayan Hausawa sun nemi a ba su tasu sarautar gargajiya, ya sake tashi a Oktoba a yankin Wad al-Mahi, ya ci ɗaruruwan rayuka ya kori dubbai, a kan wannan tambaya ya ginu: wa ke da ƙasa, wa ya zo daga baya.

Akwai masu cewa kuma ba nisa ne ya tsayar da mutanen nan ba, zaɓi ne. Wasu hijira suka yi daga mulkin Nasara, wasu Mahadi suka zo jira, wasu sun ga ƙasar noma ce mai kyau suka zauna, Makka kuwa hujja ce kawai ta baki. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, musamman ga Maiwurno kanta, wadda Mark Duffield ya yi nazarinta a littafinsa na 1981 ya nuna gari ne mai manoma da 'yan kasuwa da masu motocin haya, kafaffe daram, ba sansanin masu jira ba. Amma C. Bawa Yamba, wanda ya zauna da Hausawan Jazira ya fitar da nasa littafin a 1995, ya tarar da jikoki da tattaɓa-kunnen waɗanda suka taso daga Najeriya suna kiran kansu alhazai masu kan hanya, ba su taɓa ganin ƙasar Hausa ba, ba su kuma kai Makka ba, suna cewa sai ranar da Allah Ya yi. Ko an ɗauki maganarsu a zahirinta, ko an ce hanya ce ta riƙe asali a ƙasar da ba ta gama karɓarsu ba, sakamakon ɗaya ne ga abin da muke tattaunawa. Zaɓin zama da gazawar wucewa ba su rabu da juna ba a rayuwar talaka. Wanda ya ga kuɗin tsallakawa na ƙaruwa fiye da yadda yake tarawa, ya kuma ga dawa ta yi kyau a gonar da ya ara, bai zauna ya yanke shawara rana ɗaya ba. Shekaru ne suka yanke masa, kuma duk a tsakiyar hanya suka same shi.

Saura mai cewa yaƙi abu ne na wucewa, kada a gina hukunci a kan shekarar da ta fita daban. Amsar tana cikin jerin shekarun kansu. A 1903 yaƙi ne ya tayar da ayarin. Daga tsakiyar shekarun 1960 yaƙin basasar Chadi ya riƙa toshe hanyar mota, daga 2003 Darfur ta kama, daga 2009 Borno. Da wuya a sami shekara goma a jere da hanyar nan ta kasance a buɗe daga farko har ƙarshe, kuma wanda ya ce rufewar ce baƙuwa sai ya nuna lokacin da buɗewar ta zama 'yar gida. Mutanen Sinnar sun ga haka a ƙofar gidansu. Daga Sinnar zuwa Fot Sudan, inda gwamnati ta koma a lokacin, inda kuma filin jirgin da ya rage yake, kilomita 770 ne a miƙe. A Disamban 2023 dakarun RSF, masu yaƙi da sojojin gwamnati, suka kama Madani, babbar hanyar arewa ta yanke, masu fita suka koma bi ta Dindir zuwa Gadarif. A ƙarshen Yunin 2024 suka kama Jabal Moya, hanyar Kosti ta yanke, suka kama Sinja, hedikwatar jihar, sannan Dindir. Maiwurno na tsakanin Sinja da Sinnar, a bakin kogi, kuma watanni da dama garin da ke da tazarar awa guda a mota ya zama wurin da ba a zuwa, kayan masarufi da magani suka yanke. Sojoji sun karɓe Jabal Moya a Oktoba, Sinja a Nuwamba, Madani a Janairun 2025, sannan motoci suka fara komawa kan kwalta.